Miyar Gida da Amosanin Gaɓɓai: Inda Ƙarfin Tsirrai Ya Tsaya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini in yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato tallar magungunan sanyin ƙashi da ta cika gidajen rediyo da tashoshin mota da wayoyin hannu, inda ake yi wa marasa lafiya alkawarin cewa garin kurkum ko citta ko zogale ko man habbatus sauda zai raba su da ciwon gaɓɓai har abada. Ni ba likita ba ne, malamin kimiyyar sinadarai ne a makarantar sakandare kafin in yi ritaya, amma shekara tara ke nan ina ɗawainiya da yayata wadda ke fama da nau'in amosanin gaɓɓai da likitoci ke kira rumatoyid, kuma wannan jinya ta tilasta mini bin diddigin abin da masu bincike suka gano game da tsirran nan da muke zubawa a tukunya kullum.

Matsalar ta faro ne daga suna. Kalmar "sanyi" a bakinmu buhu ce da muke cusa cututtuka iri-iri a cikinta. Tsohon da guringuntsin gwiwarsa ya zaizaye saboda shekaru da ɗaukar kaya yana da sanyi, magidancin da babban yatsan ƙafarsa ya kumbura cikin dare saboda taruwar wani gishiri a gaɓa yana da sanyi, yaro mai sikila da ƙasusuwansa ke sara shi ma sanyi ne, haka nan matar da ta wayi gari yatsun hannayenta biyu sun sandare. Waɗannan cututtuka huɗu ba su haɗa sanadi ba, ba su haɗa magani ba, don haka duk mai tallar da ya ce kwalba ɗaya tana kashe su duka ya riga ya nuna bai san wanne yake magana a kai ba.

Rumatoyid cuta ce ta garkuwar jiki. Sojojin jinin da Allah Ya halitta don su yaƙi ƙwayoyin cuta su ne suke juyowa su far wa siririn tantanin da ya lulluɓe gaɓa daga ciki, sai tantanin ya kumbura ya yi kauri, ya riƙa fitar da sinadaran da ke cin guringuntsi, daga baya su kai ga ƙashin kansa. Ta fi kama ƙananan gaɓɓan yatsu da wuyan hannu da na ƙafa, dama da hagu a lokaci guda, kuma alamarta da ba ta ɓuya ita ce sandarewar safe wadda kan ɗauki sa'a guda ko fiye kafin hannu ya saki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 18 ne ke ɗauke da ita a duniya, kusan kashi 70 cikin 100 mata ne. Ba ta tsaya ga gaɓɓai kaɗai ba, domin tana taɓa huhu da idanu, tana rage jini, tana kuma ƙara haɗarin ciwon zuciya.

Yayata mai ɗinkin hula ce, da allura ta aurar da 'ya'yanta mata biyu. Abin ya fara mata da kasa riƙe buta a lokacin alwalar asuba, sai kasa zura zare, sai kasa tuƙa tuwo. Wasu suka ce ragowar sanyin haihuwa ne, wasu suka ce sammu ne daga abokan sana'a, muka shiga jiƙe-jiƙe da turare da shafe-shafe har wata goma sha huɗu, kuma ba zan wanke kaina ba, ni ma da iliminmu na boko ina cikin masu sayo mata. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Daga ƙarshe wani ya kawo mata wani gari a ƙullin leda daga tasha, aka ce tsantsar saiwoyi ne, ta sha kwana biyu ciwo ya ɗauke kamar an zare ƙaya. Muka yi ta godiya. Bayan 'yan watanni fuskarta ta cika ta yi zagaye, ƙishirwa da yawan fitsari suka dame ta, da muka je asibiti aka tarar sukarinta ya hau, likita ya dube ta ya ce alamun nan na wanda ya daɗe yana shan ƙwayar sitiroyid ne, wato magungunan danne kumburi masu ƙarfi irin su deksametason, kuma yana kyautata zaton an daka ta ne a cikin garin. A ranar ce aka fara yi mata gwajin jinin da ya tabbatar da rumatoyid, amma hoton ƙashi ya nuna gaɓɓai uku sun riga sun zaizaye, yatsun hannun dama sun karkata wajen ɗan ƙaramin yatsa, kuma har yau ba su dawo ba.

Kada mai karatu ya ɗauka raina tsirrai nake yi. Wanda ya koyar da sinadarai ya san kantin magani na zamani cike yake da 'ya'yan itatuwa da jikokinsu. Kwinin daga ɓawon wani itace na Kudancin Amurka wasu masana biyu na Faransa suka tace shi a 1820, daga tsatsonsa aka ƙera kulorokwin da muka sha wa zazzaɓin cizon sauro shekara da shekaru, kuma ƙanwarsa haidiroksikulorokwin tana cikin magungunan da ake ba masu rumatoyid a yau. Asfirin da kamfanin Bayer ya haɗa a Jamus a 1897 ya samo asali ne daga sinadarin ɓawon wani itacen bakin rafi. Maganin maleriya na yanzu daga wani dangin tazargade aka ciro shi a China, aikin da ya jawo wa Tu Youyou lambar Nobel a 2015. A nan gida ma, Cibiyar Binciken Magunguna ta Ƙasa da ke Idu a Abuja ta karɓi haɗin wani mai maganin gargajiya a shekarun 1990, wanda ya ƙunshi masoro da kanumfari da karan dafi da wani itace dangin madobiya, ta gwada shi bisa ƙa'ida har ya zama maganin sikila mai suna Niprisan. Abin da ya haɗa duk waɗannan shi ne an auna su, an san adadin da ke aiki da adadin da ke cutarwa, an kuma gwada su a kan mutane tare da kwatanta su da waɗanda ba su sha ba.

To, bari mu ɗora kurkum, wanda wasu ke kira gangamau, a kan wannan ma'auni, tun da shi ne sarkin tallar yanzu. Sinadarin da ke ba shi launin rawaya sunansa kurkumin, kuma gaskiya ne cewa a ɗakin gwaji yana danne wasu saƙonnin da ƙwayoyin garkuwar jiki ke aika wa juna don tayar da kumburi. Gwajin da masu talla suka fi kafa hujja da shi an yi shi ne a Indiya aka wallafa a 2012, inda aka raba masu rumatoyid 45 gida uku, wasu suka sha kurkumin, wasu suka sha maganin rage raɗaɗi mai suna daikulofenak, wasu suka haɗa biyun, na tsawon mako takwas, kuma masu kurkumin sun samu sauƙin ciwo da kumburi sosai. Wannan labari ne mai daɗi, sai dai mutum 45 kaɗan ne, mako takwas gajeren lokaci ne a cutar da ake rayuwa da ita har tsufa, marasa lafiyar sun san abin da suke sha, sannan da maganin rage raɗaɗi aka kwatanta shi, wanda shi kansa ba ya hana ƙashi zaizayewa. Tambayar da ta fi damun mai yatsu ita ce ko gaɓarsa za ta tsira nan da shekara biyar, kuma gwajin bai je kusa da ita ba.

Akwai kuma lissafin da nake so uwargida ta yi da kanta. Kurkumin bai wuce kimanin kashi 3 cikin 100 na garin kurkum ba, ƙaramin cokalin shayi kuwa yana ɗaukar kamar giram 3, ke nan a cokali guda ba a samun ko miligiram 100. A gwajin Indiya miligiram 500 ake sha sau biyu a rana, wato sai an haɗiye fiye da cokali goma na gari kullum kafin a kai wannan adadi a takarda. Ko an haɗiye ma, hanji ba ya tsotse kurkumin da kyau, ɗan abin da ya shiga kuma hanta tana gaggawar fitar da shi. Wani bincike da aka yi a Bangalore a 1998 ya nuna cewa idan aka haɗa shi da fifarin, sinadarin da ke ba masoro yaji, adadin da ke shiga jini yana ninkuwa har sau 20, shi ya sa kamfanoni ke haɗa su a ƙwaya ɗaya. Amma yadda fifarin ke yin wannan aiki shi ne rage wa hanta saurin sarrafa abin da ya shigo mata, kuma ba ya bambance kurkumin da sauran magungunan da mutum ke sha. A 2019 hukumomin lafiya na Italiya sun samu fiye da mutum 20 da hantarsu ta kumbura bayan shan irin waɗannan ƙwayoyi, a 2023 kuma hukumar magunguna ta Ostireliya ta fitar da gargaɗi a kan haka. Mai rumatoyid da ke shan metotireksat, babban maganin asibiti na wannan cuta wanda shi ma ta hanta yake bi, shi ne ya fi kowa buƙatar jin wannan gargaɗi. Ƙari a kan haka, masu bincike daga Jami'ar Stanford sun gano a 2019 cewa a Bangladesh ana zuba wa kurkum wani fenti mai ɗauke da dalma don ya ƙara haske a idon mai saye, mu kuwa da muka ga yadda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010 ba ma buƙatar dogon bayani. Wanda zai iya, ya sayi saiwar ya daka da kansa.

Citta, wadda Allah Ya albarkaci Kaciya da Jaba da Kagarko da ita, tana da jinjarol da ke rage kumburi, kuma gwaje-gwajen da suka fi yawa a kanta na ciwon gwiwar tsufa ne, inda take ba da ɗan sauƙi. Zogale yana da kwasetin da sauran sinadarai masu amfani, amma yawancin abin da ake faɗa game da shi da gaɓɓai daga ɓeraye aka samo. Hano, wanda wasu ke kira ararrabi, iyayenmu sun daɗe suna dafa ɓawonsa saboda ciwon gaɓɓai, kuma ɗan'uwansa na Indiya an tace ƙaronsa an same shi da sinadaran da ke toshe wata hanyar kumburi. A ganina wannan itace ya cancanci sashen haɗa magunguna na Jami'ar Ahmadu Bello ko na Bayero ya yi masa irin aikin da aka yi wa Niprisan, maimakon a bar shi a hannun masu lasifika. Game da habbatus sauda, na san za a kawo mini hadisin da ya zo a Bukhari da Muslim cewa waraka ce ga kowace cuta ban da mutuwa, kuma ba ni da ja da shi ko kaɗan. Abin da nake tunatarwa shi ne Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne ya umarci bayin Allah da neman magani, kuma hadisin bai zama shaida ga abin da wani ya ɗura a kwalba ya liƙa wa takarda ba. Likitocin Masar sun gwada man habbatus sauda a kan mata 40 masu rumatoyid a 2012 suka ga sandarewar safe da kumburi sun ragu, amma matan suna kan magungunansu na asibiti ne aka ƙara musu shi a kai.

Tsiro ɗaya da ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da maganin asibiti a gwaji mai girma shi ne wata kurangar China da suke kira kurangar aradu. A wani asibitin koyarwa na Beijing an gwada tataccen saiwarta a kan mutum 207 na tsawon mako 24, ta yi aiki daidai da metotireksat, haɗa su biyun kuma ya fi kowanne shi kaɗai. Sai dai tana rikita al'adar mata, tana rage haihuwar maza, ganyenta da ɓawonta guba ne mai kisa. Wannan ya isa ya nuna cewa duk tsiron da ke da ƙarfin danne garkuwar jiki yana da ƙarfin yin ɓarna, kuma maganar masu talla cewa "na gargajiya ne, ba ya da illa" ba ta da tushe.

Inda na ga hujja ta fi nauyi shi ne a tsarin cin abinci gaba ɗayansa. A Suwidin an wallafa wani gwaji a 2003 inda aka ɗora wasu masu rumatoyid a kan irin cimar mutanen bakin tekun Bahar Rum, wato ganye da 'ya'yan itatuwa da wake da hatsi da kifi da man zaitun tare da rage jan nama, kuma bayan mako 12 kumburinsu ya ragu, ƙarfin jikinsu ya ƙaru fiye da na waɗanda suka ci gaba da cimarsu ta kullum, dukkansu kuwa suna kan magungunansu. A ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Amurka ta fitar a 2022, motsa jiki ne kaɗai suka ƙarfafa da babbar murya, suka ba da shawarar wannan cima a matsayin mataimaki, suka kuma nuna rashin goyon bayan sayen ƙwayoyin ƙarin sinadarai. Man zaitun ya fi ƙarfin aljihun yawancinmu, amma idan aka duba da kyau tukunyar kakanninmu ba ta yi nisa da wancan tsari ba: miyar kuka da ta taushe, kwaɗon zogale da na rama, wake da gero da dawa da acca, riɗi da gyaɗa, albasa da tafarnuwa, gwaba da lemo da garin kuka mai tsami. Mu ne muka sauya su da farar shinkafa da taliyar leda da lemon kwalba, muka kuma tsananta surfe har muna zubar da dusar da mafi yawan sinadaran hatsi ke cikinta. Ƙiba tana ƙara wa cutar nan ƙarfi tana rage wa magani tasiri, taba sigari kuwa tana cikin manyan abubuwan da ke tayar da ita tun farko, saboda haka magidancin da ke busa hayaƙi yana neman garin kurkum ya fara da yar da karan da ke hannunsa.

Ko abincin ma akwai inda yake karo da magani. Wani bincike da aka yi a Sudan a 1994 ya nuna cewa shan kulorokwin tare da zoɓo ko ruwan tsamiya ko na lemon tsami yana rage adadin maganin da ke shiga jini ƙwarai, shi ya sa yayata take haɗiye haidiroksikulorokwin ɗinta da ruwa zalla, ta bar zoɓo sai bayan wasu sa'o'i. Citta da kurkum masu yawa suna iya ƙara haɗarin zubar jini ga mai shan maganin tsinka jini. Metotireksat kuwa sau ɗaya ake shan sa a mako, tare da folik asid a wata rana daban, mai ciki ko mai neman ciki ba ta shan sa, kuma haɗa shi da Septrin, wanda ake saye a kowane kemis ba tare da takarda ba, yana iya durƙusar da ɓargon da ke ƙera jini. Duk wanda ke shan wani jiƙo ya faɗa wa likitansa ba tare da jin kunya ba, su kuma likitoci ina roƙon su daina yi wa mai faɗar gaskiya tsawa, domin tsawar ce ke sa a ɓoye musu.

Shi kuwa garin da ke ɗauke ciwo cikin kwana biyu, abin tsoro ne. A 1948 likita Philip Hench na asibitin Mayo a Amurka ya yi wa wata mata mai rumatoyid allurar kotison, wani nau'in sitiroyid, cikin 'yan kwanaki ta tashi daga gado tana tafiya, duniya ta ɗauka an gama da cutar, har aka ba shi lambar Nobel a 1950 tare da wasu masana biyu. Ba a daɗe ba aka ga kumburin fuska da hawan jini da ciwon sukari da rauni a ƙashi, shi ya sa a yau ake ba da sitiroyid da awo kuma na ɗan lokaci, ba a kuma yanke shi farat ɗaya ga wanda ya daɗe yana sha. Ha'incin ɓoye shi a maganin ganye bai tsaya a tashoshinmu ba, domin a 2022 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a game da wasu ƙwayoyin gaɓɓai masu suna Artri King da aka samu deksametason da daikulofenak a cikinsu ba tare da an rubuta ba. A nan gida kuma ya kamata mutane su san cewa lambar NAFDAC mai harafin L a ƙarshe, wadda ake ba magungunan gargajiya, shaida ce cewa an duba ba a ga guba ba, hukumar ba ta tabbatar da cewa maganin yana warkar da abin da aka rubuta a jikinsa ba, kuma ana buƙatar a rubuta hakan a jikin kwalbar, sai dai da ƙananan haruffan da mai talla ba ya karantawa a rediyo.

Na san abin da ke kora mutane tasha. Likitocin gaɓɓai 'yan ƙalilan ne kuma a manyan asibitocin koyarwa suke, gwajin jini yana da tsada, metotireksat yakan ɗauki mako shida zuwa wata uku kafin a ji aikinsa, mai ƙullin leda kuwa yana bakin ƙofa da fara'arsa. Amma likitoci sun yi ittifaƙi cewa watanni uku zuwa shida na farko su ne lokacin da magani ya fi iya kare gaɓa, kuma zaizayar ƙashi takan fara tun cikin shekara biyun farko. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saboda haka ina kira ga gwamnatocin jihohinmu su saka gwajin rumatoyid da magungunanta a tsarin taimakekeniyar lafiya, ina kira ga gidajen rediyo su daina sayar da fili ga duk wanda ke cewa a ajiye maganin asibiti, kai kuma, ranka ya daɗe, ina roƙon ka gayyato ƙwararren likitan gaɓɓai da masanin abinci su amsa tambayoyin masu karatu a wannan shafi, su gyara mini inda na yi kuskure.

Yayata tana shan maganinta duk ranar Juma'a da dare, ana duba jininta da hantarta bayan kowane wata uku, tana cin kwaɗon zogale da miyar kuka, tana sa citta da ɗan kurkum a shayinta, tana kuma jiƙa hannayenta a ruwan ɗumi kafin alwalar asuba. Ta koma riƙe buta da kanta, tana kuma iya jan carbi. Allurar ɗinkin hula dai ta miƙa wa jikarta.

Wassalam.

Naku,
Malamin kimiyya mai ritaya,
Zariya, Jihar Kaduna.